Karen da aka ɗora mini laifin mutuwarsa

Na ajiye aiki a asibitin dabbobi a ƙarshen watan jiya, kuma cikin duk abin da na gani a wurin, maganar wani Pug, irin ƙaramin karen nan mai dannannen hanci, ita ce ta ƙi barina. Duk wanda ya san asibitocin dabbobi na Birnin Kebbi ya san shanu da tumaki ne abincinmu. Masu ƙananan karnuka 'yan tsiraru ne, amma hannunsu a sake yake, shi ya sa Oga ya shiga haɗa su da dillalan Legas yana cin la'ada.

Wata Hajiya ce jikoki suka ga Pug a waya suka hana ta sakat sai ta saya musu. Na tambaye ta wuta, ta ce sai yadda NEPA ta ga dama. Makwanci fa? Ta ce kare ba zai shigar mata ɗaki ba, akwai keji bayan kicin, ƙarƙashin kwano. Na ce, "Hajiya, don Allah ki bar mai dannannen hancin nan." Da haki kare yake fitar da zafin jikinsa, shi kuwa Pug, haka ma Shih Tzu, hanyar numfashinsa a matse take, ga garin da zafinsa kan haura digiri 40 a Afrilu. Oga ya katse ni a gabanta: "Kai ne likita ko ni?"

Hajiya ta saya, amma karen bai ga damina ba. Direba ya kawo shi nannaɗe cikin tawul, harshe ya koma shuɗi, yawu na dalala, jiki kamar garwashi. Muka jiƙa shi, muka kunna fanka, muka ɗaura masa ruwa, bai kai la'asar ba. Washegari na ji Oga yana gaya wa Hajiya wai ni na yi sakaci da allura. Wace allura? Katin rigakafinsa cike yake, da rubutun hannuna. Ban tanka ba, don a lokacin ina da buƙatar albashin, amma Allah na gani.

Tun daga nan sai na ji labarin gida kafin in ji irin karen da ake so. Chihuahua ba ya wuce kilo 3, ƙashinsa siriri ne, gidan da ƙananan yara za su ɗaga shi su saki, karaya ce. Pomeranian gashinsa ninki biyu ne, kaska na shigewa ta ɓuya, sai an sami mai taje shi kullum. Gidan da ba a yarda kare ya taka ɗaki ba, kuma yawancinmu haka muke, babu ɗaya daga cikinsu da ya dace da shi, don zaman ɗaki aka samar da su. In gadi ake so, karen gida namu ya fi su jure rana nesa ba kusa ba. Allurar haukan kare kuma daga wata 3, a maimaita duk shekara.

Masu zuwa a bayana, ku riƙa rubuta shawarar da kuka bayar a kati, mai dabba ya sa hannu. Na ji Oga ya sake yin odar Pug biyu, ga Maris ya ƙarato.