Kuturtar da ke fitowa a goshi

Ranar Lahadi mai zuwa zan miƙa makullan majami'a da littafin baiko, wato kuɗin da masu sujada ke bayarwa, ga wanda aka turo ya canje ni. Shekara 7 ke nan cif tun da motar kaya ta sauke ni da matata a ƙauyen nan, da katifa ɗaya da kwali biyu na littattafai. Ƙannenmu da ke makarantar Littafi Mai Tsarki sun matsa in rubuta musu abin da na koya a fagen aiki. Na san suna jiran dabarun shirya wa'azi ne, amma abu guda ya tsaya mini a rai, shi zan fara faɗa.

Na zo da difloma, kuma ni na zo na biyu a ajinmu. A shekarar ƙarshe har takarda na rubuta a kan girman kai, malaminmu ya karanta ta a gaban aji. Na kawo Karin Magana 16:18, inda aka ce girman kai ne ke shiga gaba halaka ta biyo shi. Na kawo Yakubu 4:6, cewa Allah yana gāba da masu girman kai. Na kawo Agustin na Hippo, wanda ya rasu a shekarar 430, da ya lura cewa sauran zunubai a mugun aiki suke bayyana, shi kuwa girman kai har cikin aikin kirki yake laɓewa ya lalata shi. Na kawo Paparoma Giregori Babba, wanda ya rasu a 604, da ya lissafa manyan zunubai bakwai ya sa girman kai a samansu kamar sarauniya da sarakunan yaƙinta. Na ci maki mai kyau, kuma da wannan takardar na yi ta taƙama har na gama makaranta. Ko sau ɗaya abin bai ba ni dariya ba a lokacin.

A ƙauyen na tarar da Baba. Shi ya fara tara mutane sujada a gindin tsamiya tun ba a haife ni ba, kuma sai da ya girma ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci. Littafinsa Mai Tsarki tsohon juyin Hausan nan ne na 1932, bangonsa ya fita an ɗinke da zare, a leda yake naɗe shi. Shi ke karanta nassi kowace Lahadi, da yatsa, kalma bayan kalma. Idonsa ya fara rauni, wani lokaci ya tsallake layi ya dawo. Jama'a sun saba, sukan jira shi. Ni kuwa a kujerata nake ta mutsu-mutsu ina duba agogo.

Ranar godiyar kaka ta shekarata ta biyu, dammunan dawa da gero jibge a gaban bagadi, ga baƙi daga gunduma, ga Rabaran, babban faston da ke samanmu, da kansa. Baba ya tashi karanta Zabura 65. Ya kai wajen da ake maganar ruwan sama da kunyoyin gona, ya ɓata, ya koma baya, ya sake ɓata. Sai na ga kaina a tsaye.

"Baba, kawo in taimaka, lokaci yana tafiya."

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma da na buɗe nawa sabon juyin, na dubi jama'a na ce, "Maganar Allah ba abin lalube ba ce." Samari biyu uku suka yi dariya a baya, Rabaran ma ya murmusa. Baba ya rufe littafinsa, ya naɗe shi a ledar nan a hankali, ya wuce kujerar dattawa ya je can bencin ƙarshe kusa da ƙofa ya zauna. Na karanta zaburar tiryan-tiryan ba tuntuɓe, na koma gida ina jin na kare martabar nassi.

Ba wanda ya ce mini uffan. Mutanen ƙauye ba sa musu da malami, janye jiki suke yi. Zumuntar mata suka daina leƙa matata. Da damina ta zo, gayyar da aka saba yi wa gonar malami ba wanda ya tada zancenta, ciyawa ta cinye mini rabin masara. Bencin maza ya yi ta raguwa. Ni kuma, don ku ga nisan da na yi, na shirya wa'azi mako uku a jere a kan taurin kan jama'ar Isra'ila a jeji. Laifi tudu ne, ina tsaye a kan nawa ina hango nasu.

Abin da ya kwance ni karatun safiya ne kawai, ranar da na iso 2 Tarihi 26, labarin Sarki Uzziya. Na san shi tun a makaranta: ya hau sarauta yana ɗan shekara 16, ya yi 52 a kai, ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, mutum ne mai son noma, sojojinsa 307,500. Da ya yi ƙarfi zuciyarsa ta kumbura. Amma ranar nan ne na fara lura da inda ta kai shi. Bai tafi wurin gumaka ba, Haikalin Ubangiji ya shiga, da kaskon turare a hannu, zai yi aikin ibada da ba nasa ba. Babban firist da wasu firistoci 80 suka tare shi, ya husata, kuturta ta fito masa a goshi. A goshi fa! Wurin da kowa ke gani sai mai shi. Ya ƙare rayuwarsa a keɓe a wani gida, ɗansa Yotam yana riƙe da mulki. Na ajiye littafin na zauna shiru. Wata goma kowa a ƙauyen yana kallon goshina, ni kaɗai ne ban sani ba, ina kiran abin kishin Maganar Allah.

Ko bayan haka sai da na ƙara mako biyu ina tsara kalmomin da zan nemi gafara da su ba tare da na zub da girmana ba. Da yamma na je, na same shi a zaure yana tufka igiya.

"Baba, na zo neman gafara ne."

"Malam, zauna tukuna, a kawo maka ruwa."

Na sha, na yi bayanina mai tsawo. Bai daina tufkarsa ba har na gama. Sannan ya ce, "Abin da ka faɗa gaskiya ne, ido ya tafi. Da a nan zauren ka faɗa mini, da godiya zan yi maka." Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe. Amma bai ƙara karatu a majami'a ba. Sau uku ina sa sunansa a jerin masu karatu yana cewa a ba yara. Bayan shekara biyu ya rasu, a bencin ƙarshen nan yake zama har ƙarshe.

Zancen Rabaran ba na so in ja shi. Shi da ya murmusa ranar, shi ne ya rubuta a rahoto cewa ban iya zama da dattawa ba, kuma da wannan layin aka ɗaga naɗina sau uku, waɗanda ke bayana a makaranta suka wuce ni. Wannan bawan Allah ba a fara taro sai an ɗauko masa kujerarsa mai hannu daga ofis, ko da Luka 14 za a karanta, inda Yesu ya ce a nemi wurin zama na ƙasa. Na bar shi da Allah. Shawarata dai ga masu tasowa, in babba ya yi dariya a kan kuskurenka kada ka ɗauka goyon baya ne, yana iya zama ajiya yake yi.

Sauran a taƙaice. Kada ka ƙirga baiko kai kaɗai. Ka je gaisuwar mutuwa ko ta wanda ba ɗan ikilisiya ba ne. Ka koyi riƙon fartanya da kanka. Ba yabon kai ba, majami'ar da na samu da rufin ciyawa zan bar ta da kwano, bencin maza kuma ya sake cika, ko da yake rahoton gunduma bai taɓa ambaton wannan ba.

Jikan Baba ne zai karanta nassi ranar bankwana, da littafin kakansa. Shi ma da yatsa yake bi, yakan kuma ɗauki lokaci. Na riga na ja sabon malamin gefe na ce masa ya cire agogonsa ya sa a aljihu.