Yadda Aka Ƙirƙiro Dabarar PCR a Kamfanin Cetus

Duk wanda aka zura wa auduga a hanci lokacin annobar korona ya ji sunan gwajin PCR, wato dabarar ninka ɗan guntun DNA (sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halittu) har ya yi yawan da za a iya gano shi, amma kaɗan ne suka san cewa an ƙirƙiro dabarar ne a wani kamfanin kasuwanci mai suna Cetus, da ke garin Emeryville a jihar Kaliforniya ta Amurka.

A shekarar 1983 tunanin ya zo wa Kary Mullis, masanin sinadarai da kamfanin ya ɗauka domin haɗa gajerun guntayen DNA. Shi DNA sili biyu ne a murɗe kamar igiya. Idan aka dumama shi zuwa wajen digiri 95 na ma'aunin Celsius sai silin su rabu. Da zarar zafin ya sauka, guntaye biyu da aka ƙera musamman su manne a farko da ƙarshen wurin da ake nema, sannan sinadarin polymerase, wanda aikinsa shi ne kwafar DNA, ya gina wa kowane sili sabon abokin tafiya. Kowane zagaye yana ninka adadin, ta yadda zagaye 30 kan samar da kwafi kusan biliyan 1.

A ganina, an cika jingina komai ga Mullis, alhali abokan aikinsa ne suka tabbatar da cewa dabarar abin dogaro ce. Randall Saiki da Henry Erlich da Norman Arnheim na cikin waɗanda suka wallafa sakamakon farko a mujallar Science a 1985, kuma abin da suka gwada ta a kai shi ne gano cutar sikila, wadda kusan babu unguwar da ba a san ta ba a ƙasar Hausa. A lokacin aikin yana da gajiyarwa, domin zafi yana lalata sinadarin polymerase, dole a ƙara sabo a kowane zagaye. Sai da suka koma ga polymerase mai jure zafi na wata ƙwayar bakteriya, Thermus aquaticus, wadda Thomas Brock ya gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na gandun Yellowstone a Amurka, sannan na'ura ta iya gudanar da aikin ba tare da ana ƙara sinadarin a kowane zagaye ba.

Rabon amfanin kuwa bai zo daidai ba. Cetus ya ba Mullis tukuicin dala 10,000, sannan a 1991 ya sayar wa kamfanin Hoffmann-La Roche haƙƙin mallakar dabarar a kan dala miliyan 300. Mullis ya bar kamfanin tun 1986, kuma a 1993 ya karɓi kyautar Nobel ta fannin sinadarai tare da Michael Smith, wani masani da aka karrama kan wani aiki daban, ba tare da ko ɗaya daga cikin abokan aikinsa na Cetus ba.