Kokwamba marar yaɗo a cikin jarka: daga shuka zuwa tsinka

'Yan'uwa masu koyon lambun gida, barkanmu da hunturu. Wata biyu ke nan da na ce zan sake gwada gajeriyar kokwambar nan, to ga abin da na riƙa rubutawa a littafina tun ranar shuka, na ɗan gyara shi yadda zai karantu.

Ga wanda bai san farkon zancen ba, gidan haya muke a Badariya, nan Birnin Kebbi. Tsakar gidan duk siminti ne, kuma wurin da na samu na ajiye shuka bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, tsakanin bakin famfo da bangon kicin. Kokwambar da aka saba sayar da irinta a shaguna, su Marketmore da Poinsett, yaɗonta yakan kai mita biyu ko ya ɗara. Da ita na shuka da sai dai mu riƙa tsallake ganye kafin mu kai ga murhu. Wadda nake shukawa sunanta Spacemaster, ƙanena ne ya aiko mini da ƙaramin fakiti. A Jami'ar Cornell ta Amurka aka samar da ita, aikin wani masanin iri ne mai suna Henry Munger, wanda shi ne ya fitar da Marketmore 76 ɗin da manomanmu suka sani. Gaɓoɓinta kurkusa suke da juna, shi ya sa ba ta wuce santimita 60 zuwa 90, amma 'ya'yanta cikakku ne, kowanne ya kai ɗani guda.

Gwajin farko a watan Maris na yi shi, kuma ban ji da daɗi ba. Duk wanda ya san bazarar Kebbi ya san abin da nake nufi: zafi sama da digiri 40, siminti ya ɗau wuta ko takalmi ba ka iya cirewa. Shukar ta yi fure kamar da gaske, amma kusan duka maza ne, domin tsananin zafi yana sa kokwamba ta yawaita furen namiji. 'Ya'ya huɗu na samu, kuma ɗacinsu ko maɗaci albarka. Autana ya gutsura ya tofar, ya ce, "Mama, magani ne?" Daga nan na ɗaure sauran irin a kwalba na jira ƙarshen damina.

6 ga Oktoba, ranar shuka

Jarkokin man gyaɗa masu lita 25 guda shida na yanke wa kai. Na ɗora ƙusa a wuta na huhhuda gindin kowacce wuri takwas, da wasu hudoji biyu a gefe can ƙasa. Ƙasar da na haɗa: kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na takin awaki da ya shekara ya ruɓe har ya daina wari, kashi ɗaya na tsohon ɓuntun shinkafa. Ɓuntu dai a Kebbi ba ya wuya, duk injin casa za ka iske shi tsibi-tsibi, kuma shi ke hana ƙasar jarka ta dunƙule ta zama bulo. Kashin kaji ɗanye kuwa kada ku kusanta shi, a Maris ya ƙone mini jarka guda cikin kwana biyu.

Na ɗora kowace jarka a kan bulo biyu, don kada gindinta ya taɓa siminti. Ƙwaya uku-uku, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, kusan santimita 2. Na ba su ruwa har ya fara ɗiga ta ƙasa.

Kwana 4

Sun tsiro, 16 cikin 18. Zuwa la'asar biyu sun ɓace, sai guntun kara. Na zargi kajin maƙwabta har na fara shirin magana, ashe ƙadangaren bango ne, da idona na gan shi washegari yana gyaɗa kai a bakin jarka. Na yanka tsohon gidan sauro na lulluɓe su.

Kwana 12

Na yi cira. A jarka uku na bar tushe ɗai-ɗai, a sauran ukun na bar bibbiyu, don in ga wanne ya fi. Da almakashi na datse waɗanda zan rage, ban tumɓuke ba, saboda saiwar kokwamba ba ta son a taɓa ta. Tushe tara ke nan.

Kwana 20

Kawuna, wanda ya shekara fiye da talatin yana noman albasa a Aliero, ya biyo ta gidan. Ya tsaya a kan jarkokin ya daɗe yana kallo, hannu a baya.

"Ɗiyata, wagga kokwamba taki ba ta da ƙahwa?"

Na ce, "Haka Allah ya yi ta, Kawu, ba ta tafiya."

Ya durƙusa ya juya ganye ɗaya, ya nuna mini wasu ƙananan ƙwari kore-kore sun yi cincirindo a bayansa, ga tururuwa na hawa da sauka. Ya ce darɓa ce. Ni kullum saman ganyen nake dubawa in ga ya yi shar in wuce. Ya ce duk inda na ga tururuwa na zirga-zirga a jikin shuka in juya ganye, zaƙin da ƙwarin ke fitarwa take bi. Ranar na kirɓa ganyen dogon yaro cike da turmi, na jiƙa ya kwana, na tace da ƙyalle, na narka ɗan sabulu kaɗan a ciki, na fesa a bayan ganye bayan rana ta faɗi. Sau biyu na yi, kwana biyar tsakani, suka ragu sosai. 'Ya'yan dogon yaro sun fi ganyen ƙarfi in kuna da su a ajiye.

A wannan makon na sa takin zamani na farko, NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowace jarka, a gefen bango nesa da tushe, na rufe da ƙasa na ba da ruwa.

Kwana 29 zuwa 36

Nan ne aikin ya fi ɗaukar hankalina, don haka ku yi haƙuri in tsaya a kai.

Furen farko rawaya ne, ƙanana, a kan siririn tsinke, sun fito uku-uku huɗu-huɗu a wuri guda. Su ne mazan. Suna buɗewa da safe, zuwa yamma sun yi yaushi, washegari sun zube. Wata maƙwabciyata da na ba wa ƙwaya biyar ta zo a rikice, wai furen nata duk yana kaɗewa, ko wani magani za ta sa? Ba cuta ba ce. Namiji ke riga fitowa, kusan mako guda kafin ta mace. Ita ta macen ba ta ɓuya: a bayan furenta akwai 'yar kokwamba kamar ƙaramin yatsan jariri, da 'yan ƙayoyi masu laushi.

Ta mace ta farko ta buɗe a kwana na 35. Sai dai fa 'yar kokwambar nan ba za ta girma ba sai garin furen namiji ya isa cikinta, kuma ƙudan zuma ke wannan jigila. Na zauna a kan kujera 'yar tsugune tun bayan asuba har ƙarfe takwas, zuma ɗaya tak na gani, ita ma ta leƙa ta wuce. Cikin gari ne, ga katanga, ga hayaƙin maganin sauro kowane dare. Guda biyun farko da na bar wa ikon Allah sun yi rawaya sun motse sun faɗi.

Daga nan na karɓi aikin zuma. Kowace safiya kafin in tafi makaranta, tsakanin bakwai da takwas, sai in tsinki namijin da ya buɗe a ranar, in cire masa ganyayen furen ya rage tsakiyar mai gari, in goga shi a hankali a tsakiyar ta macen, in juya sau biyu sau uku don ko'ina ya samu. Namiji ɗaya yakan ishi mata biyu. Kwana ɗaya kacal furen ke yi a buɗe, wadda ka tsallake yau ta tafi ke nan. In gogawar ba ta kai ko'ina ba za ku gane daga baya, ɗan zai fito gefe guda kauri gefe guda tsuke, ya lanƙwashe kamar lauje. Da na ba Kawu labari a waya dariya ya yi har da tari, ya ce su a fadama kyauta ake yi musu wannan aiki.

Gidan sauron da na lulluɓa musu tun suna ƙanana dole na yaye shi da fure ya fara, in ba haka ba ko zumar da ta zo ba ta da ƙofa.

Kwana 41

Ƙudan da ke harbin kankana ya gano mu. 'Ya'ya uku na gani da ɗan tabo, wani ruwa kamar ƙaro ya daskare a bakinsa. Na fasa ɗaya, ga fararen tsutsotsi a ciki. Na tsinke ukun na ƙulle a leda na ajiye a rana, domin in ka yar da su a gindin shuka tsutsar ƙasa take shiga ta sake fitowa ƙuda. Ragowar gidan sauron na ɗinka 'yan jakunkuna da shi, duk ɗan da furensa ya bushe sai in zura masa in ɗaure da zare. Tun daga nan ba a sake harbin ko ɗaya ba. A gona wannan hauka ne, amma tushe tara ba wani abu ba ne.

Kwana 44 zuwa 46

Kuskuren da ya fi ci mini rai. Mun tafi biki Jega, kwana biyu, na bar wa babban ɗana amanar ban ruwa. Ya ba su ranar farko, rana ta biyu ƙwallo ta ɗauke masa hankali. Na dawo na tarar da ganyaye sun langaɓe a bakin jarka kamar tsumma. Sun farfaɗo kafin safiya, amma 'ya'yan da ke jiki a lokacin duk sun yi ɗaci ta wajen tsinke.

Na daɗe ina ɗaukan cewa tunda shukar ƙarama ce ruwa kaɗan zai ishe ta. Ba haka ba ne. Ɗan kokwamba kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, kuma gajeriyar tana ɗaukar 'ya'ya masu girman na doguwar a kan ɗan ƙaramin jiki, saiwarta kuma a tsare cikin lita 25, ba ta da inda za ta miƙa ta nemo danshi. Ta fadama in an yi mata fashin kwana ɗaya ba ta ma sani ba. Ta jarka kuwa da ta ji ƙishi sai ta tara sinadarin nan mai ɗaci, kukurbitasin, wanda ya fi taruwa a ɓawo da wajen tsinke. Mun yanke kan mun fere, sauran ya ciwu.

Tun da ta fara 'ya'ya, safe da yamma nake ba ta, kamar lita biyu kowace jarka a kowane zuwa, a gindi ba a kan ganye ba. Jarkar mai ruwa guda ke nan a rana, ranar da famfo bai kawo ba kuɗi ne. Na ƙara shimfiɗa ɓuntu a saman ƙasar, kaurin yatsu biyu, ya rage saurin bushewa.

Kwana 50

Tsinka ta farko mai daɗi, guda biyar, kore shar, masu tauri. Da wuƙa na yanka, ban fizga ba, don tushen ba shi da nauyin da zai riƙe kansa. Mun yanyanka su a kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasar da Kawu ya kawo. Autana sai da ya ga yayansa ya haɗiye kafin ya yarda ya ɗauka.

Kada ku bari su tsufa a jiki. Da ɗa ɗaya ya fara rawaya, uwar sai ta rage sabon fure. Duk bayan kwana biyu nake zagayawa, in ɗaga ganye in leƙa, domin gajeriyar tana ɓoye 'ya'yanta a cunkushe kusa da tushe. Na kafa wa kowacce karan dawa guda na ɗaure ta da tsumma, don 'ya'yan su daina kwanciya a kan jiƙaƙƙen ɓuntu.

Kwana 58

Hunturu ya sauko, komai ya yi fari. Kwana uku ina ganin fari-fari a kan tsofaffin ganye ina cewa ƙura ce. Sai da na wanke ɗaya da ruwa, washegari farin ya dawo a daidai wurin, zagaye-zagaye kamar an barbaɗa garin tuwo, har da bayan ganyen inda ƙura ba ta zama. Farar cutar ganye ce. Na cire waɗanda ta fi ci na ƙone, na raba jarkokin da juna don iska ta ratsa. A masu tushe bibbiyu ta fara, kuma can ta fi yawa.

Kwana 67, yau

Jimilla 43 na tsinka, ban da na ƙuda da waɗanda suka faɗi. Jarkoki uku masu tushe ɗai-ɗai sun ba ni 20, masu bibbiyun 23, kuma na ɗai-ɗai ɗin sun fi girma da miƙewa. Wato tushe shida sun fi tushe uku da guda uku kacal, ga ƙarin ruwa ga cuta. Nan gaba ɗaya-ɗaya zan bari.

Abin da ban shirya masa ba shi ne saurin ƙarewarta. Cikin mako biyu da rabi ta zube kusan duk abin da ke gare ta, har muna rabawa maƙwabta, yanzu kuma ganye ya tsufa, sanyin dare ya tsayar da sabon toho. Da na sani da jarka biyu zan shuka a tsakiyar Satumba, biyu a farkon Oktoba, biyu bayan mako biyu, mu riƙa ci a hankali.

Na bar ɗa guda a tushen da ya fi lafiya don iri. Spacemaster ba haɗaɗɗen iri ba ce, 'ya'yanta kan fito kamar uwarsu matuƙar babu wata kokwamba a kusa da zuma za ta gauraya su. Masu Salad Bush, wata gajeriyar kokwambar wadda aka rubuta F1 a fakitinta, wato haɗaɗɗen iri, kada ku wahalar da kanku, nata ba ya maimaita kansa. Nawa ya kumbura ya yi rawaya, ina jiran ya yi laushi. In ya kai zan tsaga shi in kwashe cikin a kofi, ya kwana biyu zuwa uku ya yi tsami, in wanke, in zubar da masu tasowa saman ruwa, in shanya masu nutsewa a inuwa a kan faifai. Maƙwabciyata ta riga ta kawo kwalbarta.