Inda Wurin Ajiya Yake Tafiya: Darussa daga Binciken Rumbun Bayanai a Girgije

A tsawon aikina na kula da rumbunan bayanai da ke zaune a dandalin girgije, wato sabobin haya da ake amfani da su ta intanet, babu ƙorafin da ya fi maimaituwa kamar wannan: allon kamfanin da ke ba da hayar saba yana nuna cewa kason wurin ajiya ya kusa cika, amma idan aka tambayi rumbun kansa girman teburan da ke cikinsa, sai ya ba da adadin da bai kai rabin wancan ba. A irin wannan hali mutane sukan rabu gida biyu, wasu su ce kamfanin ne ya yi kuskuren lissafi, wasu kuma su zabura su fara goge tsofaffin bayanai. Ban cika ganin ɗayan biyun ya warware matsalar ba, na biyun ma yakan ƙara dagula ta. Abin da aiki ya koya mini shi ne cewa adadin nan biyu suna amsa tambayoyi ne daban-daban, kuma ratar da ke tsakaninsu tana da mai ita, sai dai a neme shi.

Allon kamfani yana auna faifai ne gaba ɗayansa, duk abin da ya hau kansa. A PostgreSQL kuwa, wadda ɗaya ce daga cikin manhajojin rumbun bayanai, umarnin pg_database_size yana ƙirga fayilolin rumbu guda ɗaya ne kawai, bai haɗa da kundin canje-canje da ake kira WAL ba, bai haɗa da fayilolin wucin gadi ba, bai haɗa da rahotannin da saba ke rubutawa game da kanta ba, balle sauran rumbunan da ke zaune a saba ɗaya. Ko a matakin tebur ma akwai inda ake ruɗewa, domin pg_relation_size yana nuna gangar jikin tebur ne kaɗai. Shafin ajiya a PostgreSQL kilobait 8 ne, kuma idan layi ya zarce kimanin kilobait 2, ana matse manyan ƙimominsa ko a kai su wani tebur na gefe da ake kira TOAST. Saboda haka teburin da ke ɗauke da dogayen rubuce-rubuce ko takardun JSON zai iya bayyana ɗan ƙarami, alhali nauyinsa na can gefe. Umarnin pg_total_relation_size ne yake haɗa tebur da TOAST ɗinsa da fihirisarsa, wato jerin da ke sauƙaƙa nemo layi, wuri guda. Akwai kuma ɗan bambancin ma'auni, tunda wani allon yana ɗaukar gigabait a matsayin bait biliyan ɗaya cif, wani kuma yana ƙirga bait 1,073,741,824, wanda ke haifar da saɓanin kusan kashi 7 cikin ɗari. Wannan ba zai bayyana rata mai girma ba, amma yana da kyau a cire shi daga lissafi tun farko.

Kafin in buɗe kowane tebur, yanzu nakan fara duba siffar zanen da ke nuna yadda wurin ya riƙa cika. Idan layin yana hawa a hankali ba tare da ya taɓa sauka ba, akwai abin da ke taruwa wanda ya kamata a ce ana share shi. Idan yana tashi sama ya faɗo a lokaci ɗaya kowane dare, galibi fayilolin wucin gadi ne na wata babbar tambaya da ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar da aka ware mata, tunda work_mem, wato saitin wannan ƙwaƙwalwa, da megabait 4 kawai yake zuwa, abin da ya wuce nan faifai ake zuba wa. Idan kuwa ya yi tsalle sau ɗaya ya tsaya, sai a nemi abin da aka yi a wannan ranar, ko gina sabuwar fihirisa, ko sauya fasalin tebur, ko shigo da bayanai masu yawa. Ranar da layin ya karkata ta fi kowane adadi amfani, domin ita ake kaiwa wurin abokan aiki a tambaye su me suka kunna ko suka kashe.

Dalilin da ya sa gogewa ba ta rage komai yana cikin yadda aka gina PostgreSQL. Idan aka gyara layi, ba a taɓa tsohon, sai a rubuta sabon kwafi a bar wancan a matsayin matacce, saboda wata mu'amala (wato jerin umarni da rumbu ke ɗauka a matsayin aiki guda) da ta fara aiki tun da farko tana iya buƙatar ganinsa. Idan aka goge layi ma alama kawai ake sa masa. Aikin VACUUM ne ya bi ya tattara matattun layukan, amma wurin da ya samu yana mayar wa teburin ne don ya sake amfani da shi, ba ya mayar wa faifai sai idan shafukan da suka zama fanko suna can ƙarshen fayil. Lamarin kamar na wanda ya kwashe kaya daga sito ne, ɗakin ya zama wayam amma kuɗin haya bai ragu ba. Shi kuma mai sharar da ke tashi da kansa, wato autovacuum, a saitin da yake zuwa da shi ba ya tashi saboda matattun layuka sai sun kai 50 da ƙarin kashi 20 cikin ɗari na teburin. A ƙaramin tebur wannan ba komai ba ne, amma teburin da ke da layi miliyan 100 zai tara matattu miliyan 20 kafin a waiwaye shi. A ganina duk wani babban tebur da ake yawan gyarawa ya cancanci a rage masa wannan kaso shi kaɗai, maimakon a bar shi a kan saitin da aka yi don kowa.

Abin da ya fi ba ni wahalar fahimta da farko shi ne yadda mai sharar zai yi ta gudu, rahotonsa ya nuna ya gama lafiya, amma adadin matattun layuka, wato n_dead_tup a pg_stat_user_tables, bai sauka ba. Amsar ita ce ba shi da ikon cire layin da wata tsohuwar mu'amala take iya gani. Haɗi guda ɗaya da ya buɗe mu'amala ya yi ɗan rubutu, sannan aka bar shi bai rufe ba, ya isa ya hana shara a duk teburan rumbun, har waɗanda bai taɓa kusanta ba. Na taɓa samun irin wannan daga tagar bincike da wani ya bari a buɗe a kwamfutarsa ya tafi hutu. A pg_stat_activity ake ganinsa, ta hanyar duba lokacin da mu'amalar ta fara da kuma halin da take ciki. Akwai saitin idle_in_transaction_session_timeout da ke yanke irin wannan haɗi bayan wani lokaci, sai dai a kashe yake zuwa, kuma mutane da yawa ba sa kunna shi sai bayan sun ɗanɗana kuɗarsu.

Mafi girman rata da na gani a aiki ba daga tebur ta fito ba, daga kundin WAL ne. Duk canjin da za a yi wa rumbu sai an fara rubuta shi a wannan kundi, a fayiloli masu megabait 16 kowanne, kuma da zarar an tabbatar canjin ya zauna a tebur, ana sake amfani da tsofaffin fayilolin ko a share su. Amma idan akwai mai karanta kundin daga waje, kamar saba ta biyu mai bin sahun ta farko, ko manhajar da ke kwashe canje-canje zuwa ma'ajiyar nazari, akan buɗe masa gurbin kwafi, wanda alkawari ne cewa ba za a share komai ba sai ya karanta. A wani aiki da na sa hannu, an gwada irin wannan manhaja, ba ta gamsar ba, aka kashe ta aka wuce, gurbinta kuwa yana nan. Rumbun ya ci gaba da cika alkawari ga wanda ba zai dawo ba, teburan ba su ƙaru ba, faifai yana ta cika. Da an bi shawarar goge bayanai a lokacin, da abin ya fi muni, domin kowane layi da aka goge shi ma canji ne da sai an rubuta a kundin da ba ya raguwa. Dubawa ɗaya a jerin gurabun, wato pg_replication_slots, ta nuna gurbin da ba ya aiki, kuma da aka auna nisan da ke tsakanin inda ya tsaya da inda rumbun ya kai, sai adadin ya yi daidai da ratar da ake nema.

Cire gurbin umarni ɗaya ne, amma ban yarda a yi shi ba tare da an nemi mai shi ba, saboda idan yana da rai, cirewar tana nufin sai ya sake kwafo komai daga tushe. Tun daga PostgreSQL 13, wanda ya fito a 2020, akwai saitin max_slot_wal_keep_size da ke iyakance yawan kundin da gurbi zai riƙe, amma shi ma ba shi da iyaka sai an sa masa. Haka nan idan hanyar kai kundin zuwa ma'ajiyar waje ta lalace, fayilolin za su taru har sai ta gyaru. Abin da ba a yi ko kusa shi ne goge waɗannan fayiloli da hannu. Sunan wurin da suke zaune a da pg_xlog ne, sai a PostgreSQL 10 na 2017 aka mayar da shi pg_wal, kuma cikin dalilan har da yadda mutane ke ɗaukarsu rahotanni marasa amfani su goge, su lalata rumbunsu.

Masu aiki da MySQL, wata manhajar rumbun bayanai ta daban, suna da nasu nau'in wannan matsala. A sigar 8.0 kundin canje-canjenta da ake kira binlog a kunne yake zuwa, kuma ana riƙe shi kwana 30 idan ba a sauya ba, don haka aikin shigo da bayanai na rana ɗaya zai iya zaune wa faifai har wata guda. Fayil ɗin ibdata1, inda MySQL ke ajiye bayanan tsarinta, ba ya raguwa ko da an goge abin da ke cikinsa, shi kuma ibtmp1 na teburan wucin gadi yana kumbura ya zauna haka sai an sake tayar da saba. Girman teburan da ake karantawa a information_schema, inda MySQL ke nuna bayanan teburanta, shi ma ana iya samunsa tsoho ne, tunda a 8.0 akan ajiye shi har awa 24 kafin a sabunta.

Ba kullum ne laifin yake ɓoye haka ba. Sau da yawa tebur ne da manhaja ta ƙirƙira wa kanta, na zaman masu shiga, ko na jerin ayyukan da aka riga aka gama, ko na tarihin wanda ya taɓa me, wanda babu wanda ya rubuta masa dokar shara. Wani lokaci fihirisa ce da aka fara ginawa ba tare da kulle tebur ba, ginin ya katse, ta zauna a matsayin marar inganci, ba ta amsa tambaya amma tana cin wuri. Jera teburai da fihirisa daga mafi girma zuwa ƙasa yakan fallasa waɗannan cikin minti kaɗan.

Darasin da ya sauya yadda nake tsara aiki shi ne cewa gyara kansa yana buƙatar wuri. VACUUM FULL yana mayar wa faifai wurinsa ne ta hanyar sake rubuta teburin a sabon fayil, wanda ke nufin tsoho da sabo za su zauna tare har ya gama, kuma a duk tsawon lokacin teburin a kulle yake, ba karatu ba rubutu. Kayan aiki irin pg_repack suna rage kullewar, amma ba sa rage buƙatar wurin. Haka OPTIMIZE TABLE yake a InnoDB, injin ajiyar teburan MySQL, sake gina teburin yake yi. Don haka faɗakarwar da aka saita ta yi ƙara idan faifai ya kai kashi 90 cikin ɗari ta makara, idan babban teburinka ya fi ragowar girma. Ni nakan saita ta ne a inda ragowar wuri zai iya ɗaukar kwafin babban tebur da kundin da sake rubuta shi zai haifar.

Ina kuma taka-tsantsan da tsarin da ke ƙara girman faifai da kansa idan ya kusa cika. Yana da amfani, domin rumbun da faifansa ya cika maƙil yana daina karɓar rubutu, wani lokaci ya faɗi gaba ɗaya. Amma yana rufe alamar ciwo, kuma a dandali kamar Amazon RDS wurin da aka riga aka ware wa saba ba a rage shi kai tsaye, sai an ƙaura da bayanan zuwa wata mai ƙaramin faifai. Gurbin da aka manta zai iya sa faifai ya ninka, a gano shi a cire, a ci gaba da biyan kuɗin wurin da ba kowa a ciki. Shi ya sa nake sa wa tsarin iyaka, kuma nake so a sanar da ni duk lokacin da ya yi ƙari.

A rumbun da kamfani ke gudanarwa ba ka da ikon shiga saba ka duba fayiloli da idonka, saboda haka akwai lokacin da dole ka rubuta wa sashen taimako. Saƙon da ke cewa kawai wuri ya cika ba a san dalili ba, amsar da yake samu ita ce shawarar a ƙara wuri. Saƙon da ya kawo jimillar girman rumbuna, da girman kundin WAL ko binlog, da tabbacin cewa babu gurbin da ya tsaya ko mu'amalar da ta daɗe, sannan ya faɗi yawan gigabait ɗin da suka rage ba a san mai su ba da ranar da suka fara taruwa, shi ne ke sa injiniyansu ya duba wuraren da shi kaɗai yake gani, kamar rahotannin saba da fayilolin da suka maƙale bayan wata faɗuwa. Domin in iya rubuta irin wannan saƙo, a kowane rumbu da nake kula da shi akwai ƙaramin aiki da ke tashi sau ɗaya a rana, ya rubuta girman kowane tebur da fihirisarsa, da nisan da kowane gurbi ya bari a baya, da tsawon lokacin da mu'amala mafi daɗewa ta ɗauka, a wani tebur na musamman, wanda shi ma aka sa masa dokar share abin da ya wuce shekara guda.