Naɗar Kiɗan Fiyano ta MIDI: Inda Aiki Ke Lalacewa

MIDI hanya ce da fiyano ke aika wa kwamfuta saƙo. Umarni kawai kwamfuta ke naɗa ta MIDI, ba sautin kansa ba: maɓallin da aka danna, lokacinsa, da ƙarfin dannawa daga 1 zuwa 127. Shi ya sa ake iya sauya murya ko saurin kiɗa daga baya.

Kafin ka fara, kashe Local Control a fiyano, wato saitin da ke sa fiyanon ya fitar da sautinsa kai tsaye in an danna maɓalli. In ka bar shi kunne, kowane sauti zai fita sau biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya daga saƙon da manhajar naɗi, kamar Cubase ko FL Studio, ta dawo da shi, sai ka ji kiɗan ya sirance kamar ta cikin bututu. Kowace murya ka ware mata tasha ɗaya cikin tashoshi 16 da MIDI ke aika saƙo ta cikinsu. A tsarin General MIDI, ta 10 ta ganguna ce.

Wajen quantize kuwa, wato daidaita lokacin kowane sauti da bugun kiɗa, don Allah kar ka kai shi kashi 100. A ma'aunin 1/16, kashi 60 ya wadatar, in ya wuce haka hannun makaɗin ya ɓace. Duba kuma fedar riƙe sauti, wato CC64: in ka yanke naɗi tana kan 127, wato tana danne, sautin ba zai yanke ba sai ka sa mata 0 a ƙarshen yankin da ka naɗa.