Godiya ga mutanen gaɓar teku, daga Cape Coast zuwa Komenda

Mu ma'aikatan bishara daga arewacin Najeriya da ke hidima a ƙasar Gana muna miƙa godiya ga Ubangiji Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, a zagayen da muka yi kan keke ta ƙauyukan masunta na ƙasar Fante: daga Cape Coast zuwa Elmina, sannan Bantuma, Ankwanda, Brenu Akyinim, Ampenyi har Komenda.

Godiya ta farko ga Baba mai gyaran keke a gefen kasuwar Kotokuraba da ke Cape Coast. Baba, Allah ya saka maka da alheri. Shi ya hana mu tashi sai da aka bi kowane keke da gyara, ya kuma nuna mana cewa babbar matsalar keke a bakin teku gishiri ce. Iskar teku kaɗai ta isa ta sa sarƙa tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu, wayar birki kuma ta cije cikin bututunta. Maganinsa kullum da yamma: a ɗauraye sarƙa da ruwan famfo, a goge ta bushe sarai, a ɗiga mai kaɗan, sannan a share rarar da tsumma. Wanda ya tsiyaya mai da yawa ya jawo wa kansa aiki, domin rairayi zai manne ya riƙa cin haƙoran giya. A jakar kowane keke ya sa tif biyu, faci, sholisho, sifana mai lamba 15 da famfon iska. Ƙayar kifi da fasassun kwanson teku su ne ke huda taya a wannan hanya. Faci kuwa ba ya kamawa idan ba a kankare wurin ba, ko aka manna shi sholisho bai sha iska kamar minti 5 ba. Kafin a mayar da tif, a shafa cikin taya da yatsa a ciro ƙayar, in ba haka ba sabon ma zai huje.

Muna godiya ga 'yan'uwanmu Hausawa na Zangon Elmina, Musulmi ne, suka karɓe mu hannu biyu da koko da ƙosai tun da sassafe. Su suka ba mu shawarar kauce wa babbar hanyar Akra zuwa Takoradi saboda manyan motoci, mu bi ta cikin gari. Ta nan ne mutum ke hawa gadar da ke kan bakin tafkin Benya, ya ga kwale-kwale masu fenti kala-kala jere a ƙasa da tutocinsu, ga kuma farar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wadda daga baya aka riƙa tsare bayi a cikinta. Wuri ne da ya kamata a sauka daga keke a tsaya.

Ga sarakunan masunta da dattawansu, mun gode ƙwarai. Sun sanar da mu cewa ranar Talata ba a fita kamun kifi, saboda haka ita ce ranar da ake samun maza a gida suna ɗinkin koma, a zauna a yi magana a natse. Baƙo ya fara zuwa wurin sarkin masunta, ya gaisa da hannun dama, yana farawa daga na dama zuwa hagu. Su ne kuma suka koya mana lokacin ruwa: teku na cika sau biyu a yini, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Sai ruwa ya janye ake iya tuƙi a kan jiƙaƙƙen rairayi mai tauri, bayan an ɗan rage iskar taya. Busasshen rairayi kuwa, a sauka a tura. Idan aka tarar ana jan koma, a sauka a ɗaga keke, kada a taka igiya.

Iyayenmu mata masu bandar kifi a Brenu Akyinim da Ampenyi, Allah ya albarkaci sana'arku. Kun ba mu inuwa da dokunu (tuwon masara mai tsami) da kifi, kun kuma tsare mu kada mu tuƙa da tsakar rana. Zafin nan mai ɗanshi ne, gumi ba ya bushewa, mutum na rasa ruwa bai sani ba. Ledar ruwa biyu lita ɗaya ce. A cikin litar a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa.

Sai ikilisiyoyinmu na gida, musamman zumuntar mata, da suka haɗa kuɗin kekunan suka kuma riƙe mu cikin addu'a. Kekunan suna hannun masu bishara na Komenda yanzu, da su suke shiga ƙauyukan. Abin da zai fara ƙare musu shi ne sarƙa da wayar birki da robar birki, ga duk mai niyyar taimakawa.