Shafin da muka so mu ɓoye

A baki aikin ba wuya. Wata ƙungiyar agaji mai kula da yara masu tamowa ce ke son rahoton shekara da za ta aika wa masu ba ta tallafi, nawa kawai in tsara shi ya yi kyan gani. Aka turo mini lissafi a Excel da tulin hotuna.

Zubin farko na cika shi da abin da aka raba: katan nawa na abincin gyaɗar da ake ba yara masu tamowa ya fita, kowane ƙunshi giram 92 mai ɗauke da kalori 500, ƙauye nawa aka je, taro nawa aka yi. Na rubuta lambobin ɓaro-ɓaro, ina jin na burge. Wata malamar asibiti da ta daɗe tana awon yara ta duba, ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan ai lissafin sito ne. Yara nawa suka warke?"

Ita ta zaunar da ni ta nuna mini ma'aunin Sphere, wato ƙa'idojin aikin agaji na duniya da masu wannan aiki ke bi. Cikin yara 100 da suka fita daga shirin, ana son fiye da 75 su zama sun warke, waɗanda suka rasu kada su kai 10, waɗanda iyaye suka daina kawowa kada su kai 15. Biyun farko mun tsallake lafiya. Na ukun ne ya haura a watannin damina, kuma a nan aka yi ta kai ruwa rana. Wasu suka ce a narkar da shi cikin jimillar shekara, ba mai lura. Ni ma da farko can na karkata, don ba mai son a ce shafin da ya tsara ne ya jawo aka rage kuɗi.

Da muka koma kan katunan yaran, sai dalilin ya fito fili. Uwa tana gona, rafi ya cika ya yanke hanya, kuɗin acaɓa zuwa asibiti duk mako ya fi ƙarfin gida a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Muka kuma gano yaron da ya ɓace ya dawo, wani lokaci sabon kati ake buɗe masa, a ƙirga shi sau biyu. Da aka gyara, babbar lambar yawan yara da nake taƙama da ita ta ɗan sauko. Muka ba wa matsalar shafi guda cur, wata bayan wata, tare da shawarar kai awo cikin ƙauyuka idan ruwa ya sauka.

Launukan rahoton daga tef ɗin awon damtse da ake gane tamowa da shi na ɗauko su: ja ga abin da bai kai santimita 11.5 ba, ruwan ɗorawa har zuwa 12.5, kore daga nan zuwa sama. Duk ma'aikacin da ya buɗe, ba sai an yi masa bayani ba.

Hoton bango kuwa na cire shi. Yaro ne tsirara, haƙarƙari a waje, irin wanda ake cewa yana taɓa zuciyar masu bayarwa. Malamar ta tuna mini cewa garinsu ma akwai WhatsApp, kuma yaron zai girma. Muka sa hannun uwa riƙe da tef, bayan an nemi izininta.

Saura kwana biyu a kai wa mai buga takarda na lura cewa a shafukan Hausa duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna, domin salon harafin da na zaɓa bai san su ba. Na sauya zuwa Noto Sans, layuka suka goce, na kwana ina mayar da su ɗaya bayan ɗaya.